Sunan da Na Karanta Ranar Zaɓe

Ba don a kira ni shugaba na shiga takarar amikal ɗinmu ba, ko da yake in an matsa mini ba zan rantse cewa na ƙi sunan ba. Akwati ne ya tura ni.

A shekarar nan an tara mu a Dakoro, matasa da ƴan tsaka-tsaki daga gari da ƙauyukan kewaye, ana koya mana aikin ɗakin karatu: yadda ake jera littattafai a kanta, yadda ake ba su lamba, yadda ake ba da aro a karɓo. Horon shekara guda ne, in an gama a rarraba mu makarantu da komin-komin, wato ƙananan hukumomi. Amikal kuwa ƙungiyar ɗaliban ce. Kowane rukuni in ya zo sai ya zaɓi shugaba da sakatare da sauran muƙamai, kuma babban aikin da ke hannunta shi ne akwatin. Akwatin ƙarfe ne kore, mai hannu biyu da kwaɗo, irin wanda ake sa kayan sawa. Duk wata ɗalibai kan cika shi da littattafai, su ɗora shi a motar kasuwa, su kai shi wani ƙauye wajen Korahane ko wajen Mai Yara. A buɗe shi a filin makaranta, mai so ya ara, wata mai zuwa a karɓa a ba da wasu. Malamarmu, wadda muke ce wa Madam kawai, ta faɗa mana tun farko cewa akwatin na amikal ne, ita ba ruwanta da inda za mu kai shi.

Rigimar ta taso ne daga darasin tace littattafai. Madam ta koya mana cewa ɗakin karatu ba rumbu ba ne, ba a tara kaya don tarawa. Littafin da ya yage, ko shafinsa ya ɓata, ko ya yi dauɗar da ba ta fita, sai a sauke shi daga kanta. Ta ba mu mako guda mu gwada. To, ka san sabon shiga. Muka faɗa wa littattafan nan kamar sun yi mana laifi. Kowa na son Madam ta ga idonsa ya fi na kowa kaifi, har wanda kusurwarsa kawai ta naɗe sai a ɗaga shi sama a ce ga wani. Kafin ƙarshen mako tarin da muka sauke ya kai ƙugun mutum.

A cikinmu akwai wanda ya girme mu duka. Ya daɗe yana koyarwa a firamare kafin ya juyo wannan aiki, don haka ba wanda ke kama sunansa, Mushe muke ce masa, wato Malam da Faransanci. Mutum ne mai tsafta har ta wuce misali, rigarsa kullum a goge, kuma ba ya taɓa littafi sai ya wanke hannu. Shi ya fara lura cewa kusan duk waɗanda muka sauke suna da jan ɗigo a ƙeya, alamar da ake yi wa littattafan akwati. Ya riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana nuna mana tabon mai, da inda fura ta zuba ta bushe, da wanda akuya ta ɗanɗana. Ya ce akwatin nan kabarin littattafai ne. In ya zama shugaba zai sa a kulle shi, mutumin ƙauye in yana son karatu ya shigo gari ranar kasuwa ya zauna ya karanta a inda ake kula.

Ba wai "in ya zama" ba ne ma, an riga an gama. Al'adar amikal ita ce babba shi ke shugaba. Kuma ba mai neman muƙami da bakinsa. Wani ne zai ambace ka, kai kuma ka ce ba ka iya ba, a roƙe ka, ka sake noƙewa, a karo na uku ka ce to tunda kun nace. Zaɓen ma sunansa zaɓe ne kawai.

Ni ƴar ƙauye ce daga wajen Mai Yara, kuma na san abin da Mushe bai sani ba ko ya manta. Matar da ta shigo kasuwa da gyaɗarta ba ta da lokacin zama ɗakin karatu, kafin ta sayar ta sayi gishiri da mai mota ta fara kira. Yarinyar da ke makarantar ƙauye kuwa wa zai kawo ta Dakoro don ta karanta tatsuniya? In an kulle akwatin an kulle ke nan, ba wani zancen su shigo gari. Raina ya ɓaci sosai a ranar. Na koma gidan gwaggona, inda nake zaune, na ce mata zan tsaya takara.

Tana tankaɗe ta tsaya ta dube ni. "Da wa?"

Na faɗa mata.

"Ke ɗiyar ga! Sa'an ubanki na hwa. Mi za a ce da mu?"

"A ce abin da za a ce, Gwaggo. Ni dai ba a kulle akwatin ga ina kallo."

Ta girgiza kai ta ci gaba da aikinta. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "In kin tashi magana dai ki rage murya. Na san ki."

Ba ta yi ƙarya ba, ta san ni.

Na bi ƴan ajinmu ɗaya-ɗaya. Na koyi abu guda a makon nan: in mutum ya saurare ka har ƙarshe ya ce Allah ya zaɓa mana mafi alheri, to ba ƙuri'arka ba ce. Mutum biyu ne kawai suka ba ni amsa a fili. Ɗaya ƙawata ce daga Azagor, wadda muke zama benci ɗaya, ta yi alkawarin ita za ta ambace ni ranar zaɓe. Ɗayan wani saurayi ne daga wani ƙauye a yankin Korahane, marar yawan magana, wanda in an yi dariya a aji shi murmushi kawai yake yi. Ya ce mini, "Ƙuri'ata taki ta. Akwatin ga yana da amfani garinmu, hiye da yadda kike tsammani." Ban tambaye shi abin da yake nufi ba, na yi godiya na wuce neman na gaba.

Da na ga roƙo ba zai kai ni ba sai na koma wa tarin littattafan. Kowane littafi yana da ɗan aljihun takarda da aka manna a cikin bangon baya, a ciki akwai katin aro. Duk sanda aka ba da shi, sai a rubuta ranar da sunan wanda ya ara. Kwana uku ina zama bayan an tashi aji ina zaro katunan nan. Littattafan da muka yanke wa hukunci katunansu cike suke gaba da baya, wasu har an haɗa musu kati na biyu da ƙusa. Na je kanta na zaro na waɗanda muka bari, masu ƙyalli da ƙamshin sabunta. Da yawa farare fat, ko ɗigon bik, wato biro, babu. Wato mun yi mako guda muna korar waɗanda ake karantawa, muna lallashin waɗanda ba wanda ya taɓa buɗewa, kuma muna alfahari da hakan.

Na zaɓi biyu. Ɗaya ƙaton littafin Faransanci mai kauri da bango mai tauri, katinsa fari. Ɗayan ɗan littafin koyon karatun Hausa na masu farawa, mai baƙaƙe manya da zanen tulu da raƙumi. Bangonsa ya tafi, wani ya ɗinke shi da zaren buhu. A katinsa na ga suna guda yana dawowa wata bayan wata, ya kusa cinye bayan katin shi kaɗai. Na ji daɗi, na ce ga shaidata. Na ɗauka wani ɗalibin firamare ne mai naci, ban ko tsaya tunani a kai ba.

Ranar zaɓe muka taru bayan la'asar a cikin ɗakin karatun, an ja tebura gefe. Madam ta zauna can baya da tabaronta, ta ce ita ƴar kallo ce. Wani ya miƙe ya ambaci Mushe. Mushe ya noƙe sau biyu yadda ya kamata, ya karɓa a na uku. Mai jagorar taron ya ce, don cika ƙa'ida kawai, "Akwai wani?"

Na juya na dubi ƙawata. Ta sunkuyar da kai tana gyaran bakin mayafinta, wanda ba abin da ya same shi. Na taka ƙafarta a hankali, ta janye ƙafar. Ban riƙe ta a rai ba, ɗakin ya yi nauyi ƙwarai a lokacin. Mai jagora ya buɗe baki zai rufe zancen, sai na ɗaga hannu.

"Wa kike ambata?"

"Kaina."

Aka fashe da dariya. Wani daga baya ya ce, "Ita ta kai kanta!" Kunya ta rufe ni har kunnuwana suka yi zafi, amma ban sauke hannun ba sai da aka rubuta ni a allo.

Mushe ya fara magana, kuma ya yi ta da kyau. Ba mugu ba ne, gara in faɗi wannan. Ya ce littattafan nan ba mu da mai sake ba mu irinsu, in sun ƙare sun ƙare, kuma amanar na baya ce a hannunmu. Ya ɗaga wani da gara ta ci rabinsa ya nuna mana. Ya zauna aka tafa masa.

Na miƙe da littattafaina biyu. Na ɗaga ƙaton na ce wa zai sauke wannan daga kanta, aka ce ba kowa. Na ɗaga ɗan ɗinkakken na ce wannan fa, aka ce ai ya mutu. Sai na zaro katunan biyu na riƙe su sama, fari a hannun dama, baƙi ƙirin da rubutu a hagu. Na ce, "To ku hwaɗa mini, wane ne ya mutu?" Na ga fuskoki suna sauyawa, har waɗanda suka yi mini addu'ar mafi alheri sun gyara zama. Na ce littafi ba ya tsufa a kanta, a hannu yake tsufa, kuma mu aikin da muka zo koya shi ne kai shi hannu. Da na tsaya nan da na tsira.

Amma wani na kusa da Mushe ya ce ai kati ba shaida ba ne, wataƙila malaman makarantar ne ke kwasa su ajiye a ofis. Nan zuciyata ta hau. Na ce malamai? To ku saurara. Na juya katin na fara karanta sunaye da ƙarfi, muryar nan da Gwaggo ta ce in rage. Na karanta na mata biyu, na wasu yara, sannan na iso kan sunan nan mai dawowa. Na karanta shi sau ɗaya. Na sake. Na sake, ina buga ƙafa a kowane karo don a ji yawansa. Ba zan rubuta shi a nan ba, faɗar da na yi a ranar ta isa.

A wajen karo na huɗu na ji dariya ta fara daga gefen ƴan Korahane, irin wadda ake dannewa ta ƙi. Wani ya ce, "Alhaji? Alhaji mai hatsi na koyon baƙi da wasali?" Wani ya ce ashe shi ya sa kullum in an miƙa masa takarda sai ya ce ya bar tabarau gida. Ashe dattijo ne, babban mai sayen gero a ƙauyensu, shugaban iyayen yara na makarantar, wanda ba a raba aljihunsa da bik. Ban gama gane abin da na yi ba sai na ga saurayin nan marar magana ya miƙe. Bai dubi kowa ba, ya ɗauki kayensa ya fita. Ƙawata ta raɗa mini cewa Alhajin mahaifinsa ne.

Madam ta taso daga baya. Ta karɓi katin daga hannuna, ta mai da shi aljihunsa, ta rufe littafin ta ba ni, ta koma ta zauna. A makonmu na farko ta koya mana cewa abin da mutum ya ara sirrinsa ne, ko matarsa ba a faɗa wa, kuma na rubuta shi a kaye, littafin rubutuna, har na ja masa layi.

Aka jefa ƙuri'a a cikin kwali, aka ƙirga. Na ci, da ɗan rinjaye kaɗan. Aka tafa, ƙawata ta rungume ni tana neman gafara. Na yi murna, ba zan ɓoye ba, akwatin ya tsira. Amma murnar ba ta sauka cikina ba. Tun da nake ban taɓa jin na tsani bakina irin na ranar ba.

Washegari na tare saurayin a bakin ƙofa kafin a shiga aji. Na ba shi haƙuri. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ba ni kinka yi ma ba." Ya ce labarin ya riga ya isa ƙauyen ta waya tun kafin magariba. Ya ce mahaifinsa yakan jira sai kowa ya watse, ana shirin kulle akwatin, sannan ya biyo kamar hanya ce ta kawo shi, ya ce a ba shi ɗan littafin nan saboda jikoki. A ɗaka yake karantawa, ƙofa a rufe. Shi ɗan ma bai sani ba sai da ya ji shi yana haɗa baƙi a hankali, bai kuma taɓa nuna masa ya ji ba. "Ya kai inda ake karanta zance cikakke," in ji shi. "Saura kaɗan ya ƙare."

A taronmu na farko na kawo shawarar a daina rubuta suna a kati. Kowane mai aro a ba shi lamba, lambar ce za ta hau kati, sunayen kuma su zauna a rajista guda da ba mai buɗewa sai mai riƙe da mabuɗin akwati. Mushe ne ya fara goyon baya. Shi aka ba sakatare, ya karɓa ba tare da noƙewa ba wannan karon, kuma ya kafe sai an sa wa kowane littafin akwati rigar leda kafin ya fita. Na yarda, don yana da gaskiya. Mako biyu muka yi muna sauya katuna muna ƙona tsofaffin.

Fitarmu ta farko na ce ƙauyen nan za mu. Wasu suka ce in bari ƙura ta lafa, na ce a'a. Aka ɗaure akwatin a kan mota tsakanin buhuna, muka isa da hantsi, muka buɗe shi a inuwar gawo a filin makaranta. Mutane sun zo, har sun fi yadda na zata. Mata da yara suka yi layi ana ba su lambobi, wata tsohuwa ta ce a ba ta mai zanen dabbobi ita ma ta kalla. Da azahar ta gabato aka watse. Abokan tafiyata suka ce a kulle, na ce a ɗan jira. Na sake jera littattafan da na riga na jera, na goge murfin da ba ya da datti, ina satar kallon hanya. Bai zo ba.

Na ɗauki ɗan littafin na sa a jaka, na tambayi inda yake. Na same shi zaune a tabarma a ƙofar shagonsa, tiyoyin awo a jere gefensa. Dogon dattijo ne mai farin gemu, babu bik a aljihunsa. Na cire takalmi na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa cikin sakin fuska, ya tambayi gajiya da mutanen gida, har na fara sa rai. Sannan ya ce, "Ke ta ɗiyar da ta iya karatu da ƙarhi?"

"Ni ta, Baba. Na zo ka yahe mini. Ban san kai na ba, amma ko wane ne bai kamata in hwaɗi ba."

"Na yahe, ɗiyata. Wanga ba komi ba na."

Na fito da littafin na ajiye a bakin tabarmar. Na zaro sabon katin na nuna masa, na ce yanzu ba a rubuta suna, lamba ce kawai, kuma ko lambar in bai so ba ba za a rubuta ba. Ya dubi katin. Ya dubi littafin ya daɗe, na ga idonsa ya tsaya kan zaren buhun, sai a lokacin na gane wanda ya ɗinke shi. Hannunsa bai motsa daga gwiwarsa ba.

"Lamba ko suna, gari ya riga ya ji," ya ce. "Jiya wani ya miƙo mini takarda gaban mutane, ya ce in gwada. Ɗauki abinki."

Na so in yi gardama, irin wadda ta ci mini zaɓe, amma na ga ba wurinta ba ne. Na ɗauka. Na ce masa wata mai zuwa in Allah ya kai mu zan dawo da shi. Ya ce Allah shi kai mu, ya juya ga wani da ya zo awo.

Na dawo da shi. Duk zagayen da ya biyo ta ƙauyen nan har ƙarshen wa'adina ni ke zuwa, ko ba layina ba ne. Ba na sa littafin cikin sauran, a jakata yake. In an watse sai in je in gaishe da Alhaji, in ajiye shi a bakin tabarma muna gaisawa, in mun gama in ɗauka. Bai taɓa kora ta ba, sau ɗaya har ya sa aka kawo mini fura. Bai kuma taɓa miƙa hannu ba. Akwatin bai fasa fita ko wata guda ba a shekarar, masu aro suka ƙaru, Madam ta yaba mana ranar sallama. Ina sauraron yabon ina tuna cewa mai karatu ɗaya ya rage, kuma ni na rage shi.

Da na zo miƙa mabuɗi ga wanda sabon rukuni ya zaɓa, ya buɗe rajistar a shafin ƙauyen Alhaji ya ga lamba ta ɗaya babu suna a gabanta. Ya ce ko mantuwa ce, ya cike da wani. Na ce ya bar ta, tana da mai ita. Na ba shi ɗan littafin na ce kada ya ba kowa, kada kuma ya tambaye ni dalili. In ya je ƙauyen nan mutane suka watse, kada ya yi saurin kulle akwatin, ya ɗan jira tukuna.